Ruwan Mangwaron Gwaggo

Ranar da aka karanta sharuɗɗan gidauniya a taron unguwa, Mai Tayil ya dawo gida ko sallamar kirki bai yi ba. Ya wuce matarsa tana dama sabulu a tsakar gida, ya zarce bayan gida, ya tsaya yana kallon bishiyar mangwaro kamar yau ya fara ganinta.

Maganar ba ta da wuya. Hukumar gari za ta gina tafkin ninkaya na jama'a, don yara su daina halaka a kududdufai. Wata gidauniya ce za ta ɗauki nauyin yawancin aikin, amma ta kafa sharaɗi: ba za a sare bishiya mai rai ba, ko guda. Wurare biyu ake dubawa, filin da ke bayan gidan su Mai Tayil da tsohuwar tashar mota ta can ƙarshen gari. In filin aka zaɓa, Kansila ya riga ya yi masa alkawarin shi zai kawo tayil ɗin tafkin gaba ɗaya, kuma hukuma za ta sayi bayan gidan ta yi ɗakin inji. In tasha aka zaɓa, sai dai ya ji labari. To, mangwaron nan a bayan gidan yake, rassansa sun rufe kusan rabin filin, saiwoyinsa kuma sun ratsa daidai inda za a haƙa.

Bayan gidan kuwa ba nasa ba ne. Na Gwaggo ne, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi ta yaye shi bayan uwarsa ta rasu. Ɗaki guda da ɗan fili da bishiyar, su ne rabonta a gidan ubanta. Ba ta taɓa haihuwa ba. Sunan ubanta aka sa masa, don haka Babana take kiransa. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, inuwa-inuwa kawai take gani, amma ta san kowace saiwa ta mangwaron da tafin ƙafarta.

Ya durƙusa gefen tabarmarta, ya kashe murya.

"Gwaggo, bishiyar nan fa ta tsufa."

"Ni ma na tsufa, Babana. Sai a haɗa mu a sare."

"Haba Gwaggo, ana maganar ci gaba. Ɗaki zan gyara miki a gaba, mai fanka."

"Fankar nan ta fi wannan iskar? Tashi ka je ka ci abinci, muryarka ta yunwa ce."

Ya tashi yana yaƙe. A ransa kuwa kamar ya haɗiye zuciya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙungiyar masu kare itatuwa, shugabarsu a gaba, wata tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Hedimasta. Suka auna kaurin bishiyar, suka shafa mata lamba da fenti, suka zaunar da Gwaggo a gindinta aka yi ta ɗaukar hoto. Hedimasta ta riƙe hannunta ta ce, "Mama, ke ce garkuwarmu. Muddin akwai ɗanyen ganye a kanta, ba mai taɓa ta, ba mai taɓa ɗakinki." Mai Tayil har da tafi. Shi ya kawo musu kujeru ma.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Madam saboda sana'ar sabulun ruwa da take yi, tana bakin ƙofa ta kasa kunne. Da baƙi suka watse ta same shi a ɗaki ya yi tagumi.

"Baban yara, ka ji abin da matar nan ta ce kuwa? Muddin akwai ɗanyen ganye."

"Na ji. Shi ne ya dame ni."

"To in babu fa? Itace ai yana mutuwa."

"Wa zai kusance ta? Gwaggo a gindinta take wuni. Mutanen can kuma sun sa ido, ko akuya ce ta gifta sai sun rubuta."

"Akwai wanda ba a hana shi kusantarta," in ji Madam.

Ya ɗago ya dube ta, ta dube shi. Sai ya ɗauki hularsa ya ce, "Ni dai ban ji ba, ban gani ba. Na tafi shago." Haka ya ce, kuma da wannan maganar ya riƙa wanke kansa har ƙarshe.

Gwaggo tana da al'adarta. Tun da aka yi kwalbati aka datse wa mangwaron wasu saiwoyi, kowace safiya sai ta lallaɓa famfon tsakar gida ta ɗebo ruwa a ɗan bokiti, ta zo tana tsoma hannu tana yayyafa wa gindin. Madam ba ta taɓa ɗaga mata ko moɗa ba. Amma washegari Gwaggo na buɗe ƙofa ta yi tuntuɓe da babban bokiti cike fal.

"Gwaggo, ina kwana? Na hutar da ke. Daga yau ni zan riƙa ɗebo miki."

Gwaggo ta yi ta sa albarka. Ta tsoma hannu, ta ji ruwan da ɗumi, da wani santsi.

"'Yar nan, ruwan nan kamar da santsi."

"Maganin itace ne, Hedimasta ta aiko. Ta ce ke za ki riƙa zubawa da kanki, don hannunki bishiyar ta sani."

Sodar sabulu ce, wadda Madam kanta ba ta taɓa ta sai ta sa safar roba har gwiwar hannu, ta haɗa da gishiri. Gwaggo ta zagaye gindin tana yayyafawa tana hira da bishiyar, tana ce mata ta sha ta ƙoshi, manyan mutane sun san da zamanta.

Da farko ƙaiƙayi ne. Daga baya tsakanin yatsun ya yi fari ya tsattsage. Ta nuna wa Madam, Madam ta ce tsufa ne, fata ce ta gaji. Ta nuna wa Mai Tayil, ya kawar da kai, da yamma ya aiko mata da man shafawa na gwangwani. Gwaggo ta yi ta nuna wa maƙwabta gwangwanin tana cewa Babanta ne ya saya mata.

Ganyen gefen gabas suka fara ƙonewa daga baki. Ba ta gani, amma tana jin su ƙarƙashin ƙafarta, ƙaras-ƙaras, a lokacin da ba na zubar ganye ba. Ta ɗebo a hannu ta murza ta shinshina, hankalinta ya tashi.

"'Yar nan, ba ta da lafiya. A ƙara mini ruwan. A ƙara maganin ma, in akwai."

"Akwai, Gwaggo. Ba ya ƙarewa."

Bokiti ɗaya ya koma biyu, safe da yamma. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin nan sai na ji raina ya ɓaci. Tsohuwa tana ɗauke da ajalin abin da ta fi so a duniya, tana zuba masa da bismilla, tana gode wa wadda ta dama mata. Madam ko a jikinta. In ta ajiye bokitin sai ta cire safarta ta rataye a igiya, ta koma lissafin jarkokinta.

Hannayen suka saɓule. Fatar tafin ta ɗaye, naman ya fito ja, farce biyu suka fita. Gwaggo ta yi dabarar kanta, ta yage tsohon zane ta naɗe su. Tsumman ya riƙa shan ruwan sodar yana riƙe shi a kan ciwon wuni guda. Ta daina iya riƙe cokali. Abinci sai ta kifa kai a kwano, in ya zube a ƙasa Madam ta yi tsaki ta ce ita ba baiwar kowa ba ce.

Wata safiya ta tare Mai Tayil a hanyar fita. Takunsa ta ji.

"Babana, ka kai ni asibiti mana. Hannun nan ya hana ni sakat."

"Gwaggo, kin san halin da ake ciki. Kwamitin zaɓen wurin tafki zai zauna, ga kaya na jira a shago. Bari abubuwa su lafa."

"To ka duba mini kawai."

Ta miƙo su a naɗe, tsumman ya manne da nama, yana wari. Ya dubi agogonsa.

"Ki daina wasa da ruwa mana, Gwaggo, in yana damunki."

Ya faɗi wannan da ƙarfi, yadda Madam za ta ji, yadda shi ma zai riƙa tuna cewa ya faɗa. Ya san sarai ba za ta daina ba. Ta ce, "In na daina wa zai ba ta? Ba ka ga halin da take ciki ba?" Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fice.

Da dare ya yi Madam ta ce masa, "Wai tausayi kake ji? Yaran nan da ke nutsewa a kududdufi fa, ba 'ya'yan mutane ba ne? Don itace ɗaya a hana gari alheri? Hannu kuma ai yana warkewa." Ya ce haka ne. Ya ji daɗin maganar yaran ƙwarai, har ya maimaita ta a shago washegari.

Kafin kwamiti ya zauna mangwaron ya tsaya tsirara. Ɓawon gindin ya yi baƙi yana ɓarewa, ƙasar wurin ta yi fari-fari, ko tururuwa ba ta bi. Tsuntsaye suka ƙaura. Gwaggo ta ci gaba da zama a inda inuwa take a da, rana na dukan ƙeyarta, tana jiran bokitin yamma.

Hedimasta ta kai ƙara, aka turo jami'in gandun daji. Ya zo da safe, rabin unguwa na biye da shi. Ya tona ƙasar, ya zuba a kwalba, ya ɗiga wani abu ya girgiza.

"Wannan ba ciwo ba ne," in ji shi. "Kashe ta aka yi. Soda aka daɗe ana zuba mata. Wa ke ba ta ruwa?"

Kowa ya sani, kowa ya sha gani ta kan katanga. Idanu suka koma kan Gwaggo. Jami'in ya durƙusa ya ce, "Mama, mu ga hannunki." Ya warware tsumman a hankali, mata suka kawar da kai suna salati.

"Ƙunar soda ce," ya ce.

Sai da maganar ta ɗan jima kafin ta isa inda za ta isa. Gwaggo ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin Madam.

"'Yar nan, ba maganin Hedimasta ba ne?"

"Ni?" in ji Hedimasta, ta dafe ƙirji. "Ni ban aiko da komai ba!"

"Matar Babana ke ɗebo mini. Ita ke kawowa ƙofata. Ta ce magani ne. Babana, gaya musu."

Madam ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ta ce dama ta daɗe tana ganin sodarta na raguwa, kunya ta hana ta magana. Ta ce ruwa zalla take kawowa don tausayi, ga sakayyar da ta samu. Mai Tayil ya sunkuyar da kai, ya yi gyaran murya irin ta mai baƙin ciki.

"Ranka ya daɗe, abin da muke ɓoyewa ke nan. Gwaggo ta rikice. Hira take da itace. Na ce ta daina taɓa ruwa, matata shaida ce, ta ƙi. Uwa ce a wurina, ba zan tona mata asiri ba, amma tunda abin ya kai haka..."

"Babana," in ji Gwaggo.

Hedimasta ta zare hoton Gwaggo daga jikin allon da suka kafa, ta ninke ta jefa a jaka. "Mun ɗauke ki uwa," ta ce, "ashe da hannunki." Jami'in ya ce ba a hukunta wanda hankalinsa ya gushe, kuma mataccen itace hatsari ne, dole a sauke shi. Gidauniya ta gamsu, tunda ba a sare mai rai ba. Kwamiti ya zaɓi filin. Da yake an shaida Gwaggo ta rikice, ba a nemi yardarta kan ɗakinta ba, Mai Tayil ya tsaya mata a matsayin ɗa.

Ɗaki mai fanka bai samu ba. Sito aka share mata, inda Madam ke ajiye durom-durom na sabulu, ba taga sai ɗan rami a sama. Tana ciki ta ji kukan zarto, ta ji faɗuwar gangar jikin har ƙasa ta girgiza, ta ji ana rabon itacen girki ana dariya. Madam ta samu kaso mafi tsoka.

Tun daga ranar jami'in, Gwaggo ba ta ƙara karɓar ruwa daga hannun kowa ba. In ƙishi ya kama ta sai ta bi bango har famfo, ta murɗa da gwiwar hannu, ta kafa baki. Burodi kawai take ci, busasshe. Madam ta riƙa kiran maƙwabta su leƙo. "Kun gani ko? Kamar akuya. Ga kofi, ga komai." Su kuma su girgiza kai su ce tsufa ba daɗi.

Haka aka yi watanni, ana haƙa, ana zuba kankare, motar Mai Tayil na sauke tayil shuɗi. Ya yi ƙiba, ya sake waya. Gwaggo ta rame ta zama kamar kara, hannayen sun warke a ƙanƙame, yatsun sun manne da juna.

Ana saura kwanaki a buɗe tafkin, ta ɓace hanya. Maimakon famfo sai ta bi ta inda ƙofar ɗakinta take kafin a rushe shi, ta faɗa cikin ma'aikata tana laluben iska, a gaban Kansila da baƙin gidauniya da suka zo duba aiki. Wata baƙuwa ta tambaya wace ce wannan. Mai Tayil ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ranar ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar sito.

"Don lafiyarta ne," ya ce. "In ta faɗa ramin nan fa? Wa za a zaga?"

Madam ta riƙa tura mata kofi ta ƙasan ƙofa. Yadda aka tura shi haka ake janye shi. Ta kawo ruwan gora, Gwaggo ta ce wa ya buɗe, Madam ta ce ita ce, Gwaggo ta juya wa bango fuska. Abu guda take roƙo, da muryar da kullum ke ƙara dishewa: a buɗe ta je famfo. Madam ta ce in an buɗe mata yau gobe ma sai an buɗe, kuma ita ba za ta biye wa rigimar tsufa ba, in ƙishi ya ishe ta za ta sha. A bayan bangon kuwa tankoki ne ke ta juye ruwa a tafki, wuni guda ana jin zubarsa.

Ranar buɗewa da hantsi, Mai Tayil ya sha babbar riga, ana jiransa a rumfar manyan baƙi. Har ya kai ƙofa sai ya lura ba a jin roƙon. Gabansa ya faɗi, ba don komai ba sai don kada a yi mutuwa a gidan yau. Ya ce wa Madam ta ba shi ruwa. Ta shiga kicin ta fito da kofi ta miƙa masa. Ya buɗe kwaɗon.

Tana kwance a gefe, leɓɓanta sun farfashe, harshen ya yi kauri. Ya tattare rigarsa don kada ta taɓa ƙasa, ya tsuguna.

"Gwaggo, ni ne. Ga ruwa. Ki sha don Allah."

"Babana." Da ƙyar ake ji. "Kai ka ɗebo?"

"Ni ne mana."

"Daga famfo?"

Ya matso da kofin kusa da bakinta.

"To kurɓa. Kurɓi ɗaya. In na ji ka haɗiye, zan sha."

Ya ɗaga kofin. Ruwa ne garau, ba wari, ba komai. Ya kai shi daf da baki. Sai ya tuna ba shi ya ɗebo ba, kuma bai ga lokacin da aka zuba ba. Ya waiga, Madam na tsaye bakin kicin tana kallonsa. Ya sake duban ruwan. Gwaggo ta kasa kunne tana jiran ƙarar maƙogwaronsa, ta jira, ta jira.

"Haba Gwaggo," ya ce, "ni za ki zarga? Ni?"

Ya dire kofin kusa da kanta, ya ce ana jiransa, ya mayar da kwaɗo.

Da la'asar aka kai ta asibitin da ta roƙa tun hannunta na da yatsu. Likita ya ce ƙodarta ta tsaya, jikin ba ruwa ko kaɗan, ya tambaya a ina aka ajiye ta. Aka ce masa ta rikice ne. Ba ta kai washegari da rana ba.

Masu gaisuwa suka cika gida. Duk wanda ya zauna sai an ba shi labarin yadda ta kashe bishiyarta da hannunta, yadda har ruwa ta ƙi sha, yadda aka yi fama da ita. Suka yi ta yaba wa Madam da haƙuri. Kansila ya ce samun ɗa irin Mai Tayil sai an tona. Hedimasta ba ta zo ba, ta ce har yanzu ba ta huce ba. A ƙofar tafkin an kafa allo ana gode wa iyalin gidan da suka sadaukar da filinsu don yaran gari, kuma an dasa 'yan itatuwa a leda an ɗauki hoto.

Ba wanda ya tambayi yadda makauniya ta gano buhun soda a ɗakin da ake kullewa. Ba wanda ya tambayi yadda mai hannu a saɓule ke ɗauko babban bokiti daga famfo. Unguwa guda ta ga ana ajiye mata shi a ƙofa, amma kowa yana da ɗan da yake so ya koyi iyo, kuma tsohuwar da aka ce ta rikice ba ta da bakin ƙara. An auna kaurin itace, an gwada ƙasa a kwalba, an cika kowane sharaɗi. Ita ce kawai ba a rubuta sharaɗi a kanta ba.

Ruwan kofin nan kuwa, ba komai a cikinsa. Ruwan famfo ne zalla. Mai Tayil bai sani ba, don bai taɓa tambaya ba, kuma ba zai tambaya ba. Yana nan da matarsa lafiya lau, ana ganinsu tare a mota. Sai dai yaran gidan sun lura babansu ya daina shan ruwa a gida. In Madam ta kawo masa sai ya ce ya sha a shago.